Ku Tambaya Mu Amsa: Murakami Mai Gudu da Murakami Mai Rijiya

Wasiƙun wannan karon yawanci kan mutum ɗaya suka taru, marubucin nan na ƙasar Japan Haruki Murakami, shi ya sa muka haɗe su wuri guda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan ana lafiya. Wata ƙawata ce ta ba ni aron littafin Murakami wanda yake ba da labarin rayuwarsa da gudun da yake yi, What I Talk About When I Talk About Running, wallahi na ji daɗinsa sosai, mutum ne mai sauƙin kai ba shi da rawar kai ko kaɗan. Da zumuɗina na nemo Kafka on the Shore, sai ga tsoho na hira da maguna, kifi na zubowa daga sama kamar ruwa, na gama littafin ban san ina aka dosa ba. Dan Allah Malam mutum ɗaya ne ya rubuta su kuwa? Kuma ni ce ban da fahimta ko haka abun yake? Daga wata ɗalibarka.

AMSA: Wa alaikumus salam malama. Mutum ɗaya ne, kuma fahimtarki lafiyarta ƙalau, ta ƙofar baya kika shiga gidan ne kawai.

Littafin gudun ya fito a Japan a 2007, fassarar Turancin da Philip Gabriel ya yi ta biyo baya a 2008, kuma ya rubuta shi ne tsakanin 2005 da 2006 lokacin yana shirin gudun famfalaki na New York, yana atisaye a tsibirin Kauai na Hawai da kuma bakin kogin Charles a Cambridge ta Amurka. A ciki ne yake ba da labarin da kowa ya haddace yanzu, wai a watan Afrilun 1978 yana kishingiɗe a kan ciyawa a filin wasa na Jingu da ke Tokyo yana kallon besbol, wasan buga ƙwallo da sanda, ƙungiyarsa Yakult Swallows na karawa da Hiroshima Carp, wani ɗan wasa Ba'amurke Dave Hilton ya maka wa ƙwallo sanda, jin ƙarar nan ke da wuya sai kawai ya ji a ransa ai shi ma zai iya rubuta littafi. Shekararsa 29 a lokacin, shi da matarsa Yoko suna da ɗan wurin shan kofi da giya da ake sa kiɗan jaz mai suna Peter Cat, ga bashi a wuya. Da daddare bayan an tashi aiki yake zama a teburin kicin ya yi rubutu, abin da ya fito shi ne Hear the Wind Sing wanda ya ci kyautar mujallar Gunzo a 1979. Daga baya ya sai da wurin ya koma rubutu ɗungurungum, da ya ga zama na sa shi teɓa ga kuma sigari kara 60 a rana har yatsunsa sun yi rawaya, sai ya fara gudu a 1982 yana ɗan shekara 33.

Kinga duk wannan a fili yake, daki-daki, da shekara da wata da kilomita. Ni wajen da ya fi tsaya min a rai shi ne gudun da ya yi shi kaɗai a Girka a watan Yulin 1983, daga Atina zuwa garin Marathon, tsakiyar zafi lokacin da 'yan ƙasar ma ba sa yarda su fito rana. Wata mujalla ce ta kai shi, mai ɗaukar hoton ya zaci za a ɗan yi hoto ne a koma, shi kuwa gogan da gaske yake. Yana gudu motoci na wucewa yana ƙirga mushen da ke kwance a bakin titi, karnuka 3 da maguna 11, zufa na bushewa a jikinsa tana barin farin gishiri, leɓensa ya yi gishiri, can wajen ƙarshe haushin kowa yake ji har da tumakin da ke kiwo a gefen hanya ba ruwansu. Ya ƙarasa cikin awa 3 da minti 51. Giya mai sanyin da ya yi ta mafarkinta tun daga hanya da ya samu ya kurɓa sai ya ji ba ta kai yadda ya ƙiyasta ba. Mutumin da zai tsaya ya ƙirga mushe a titi kuma ya faɗa miki gaskiya cewa ladan ƙarshen bai kai ba, ai dole ki yarda da shi.

To shi wannan mai ƙirgan shi ne dai ya rubuta Kafka on the Shore a 2002, ki koma ki duba. Yaron nan Kafka Tamura ɗan shekara 15 da ya gudu daga gida ya nufi Takamatsu a tsibirin Shikoku, kafin ya fita sai da aka lissafa mana abin da ya zuba a jaka ɗaya bayan ɗaya, da ya isa kuma me yake yi, motsa jiki a kan lokaci, cin abinci a kan lokaci, wanka, karatu a laburare. Muryar ba ta canza ba. Da irin muryar da ya faɗa miki kilomita nawa ya gudu a wata, da ita yake faɗa miki kifi ya zubo daga sama a unguwar Nakano, ba ɗaga murya ba neman ki yi mamaki. Abin da ya rikita ki kenan, kin saba in marubuci zai kawo abin al'ajabi sai ya yi sharar fage ya kuma zo ya warware a ƙarshe, shi kuwa ba ya warwarewa, ya ma sha faɗa cewa littafin cike yake da kacici-kacici da ba su da amsa ɗaya kuma maganinsa a maimaita karatu.

Amma bari in gaya miki ra'ayina, ko da wasu za su yi min ca. Littafin gudun nan da kika ce kin san mutumin a cikinsa, ba ki san shi ba malama, jadawalinsa kika sani. Ki lura, mun san lambar takalminsa ta ƙaru a gudun kilomita 100 da ya yi a tafkin Saroma na Hokkaido a watan Yunin 1996 saboda ƙafa ta kumbura, mun san ya ɗau awa 11 da minti 42, mun san kiɗan da yake ji a kunne, amma matar da suka yi aure tun 1971 leƙowa kawai take nan da can ta wuce, iyayensa kuwa kusan babu su. Ya buɗe miki falo ne tsaf-tsaf ya zaunar da ke, ɗakin ciki na kulle. Tsoronsa da kaɗaicinsa da abin da ke hana shi barci duk a ƙagaggun labaran ya zuba su, inda zai iya cewa ai ba ni ba ne, wane ne.

In za ki sake gwadawa kar ki koma wa Kafka tukunna. Ki ɗauki Norwegian Wood ko South of the Border, West of the Sun, su ƙafarsu a ƙasa take, in kin saba da tafiyarsa sai ki dawo.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mun yi musu da abokina, ni na ce Norwegian Wood labarin ƙuruciyar Murakami ne ya canza suna kawai, shi ya ce ƙirƙira ce zalla. Wa ya fi gaskiya? Daga mai bibiyarka a kullum.

AMSA: Ɗan'uwa abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, amma kai ma ba a banza ka faɗa ba. Toru Watanabe na littafin daga Kobe ya zo Tokyo karatu, fannin wasan kwaikwayo yake yi, yana kwana a wani hostel na maza mai tsauri, ana tsakiyar boren ɗalibai na ƙarshen shekarun 1960 shi kuma yana gefe yana kallonsu da wani irin ido. Murakami kuwa an haife shi a Kyoto ranar 12 ga Janairun 1949, ya tashi a yankin Kobe, ya karanci wasan kwaikwayo a Jami'ar Waseda, ya zauna a hostel ɗin Wakeijuku, ya kuma ga boren da idonsa. Kaga katakon ginin nasa ne. Har akwai masu cewa Midori, yarinyar nan mai surutu da rai-rai, akwai ƙamshin matarsa a jikinta, wannan kuma hasashen masu sharhi ne.

Sai dai shi da bakinsa ya ce ƙuruciyarsa ba ta kai haka armashi ba, in da gaskiyar rayuwarsa zalla ya rubuta da littafin bai wuce shafi 15 ba. Naoko masoyiyar Toru da ciwon da ke cin ranta, da amininsa Kizuki da ya kashe kansa yana ɗan shekara 17, da asibitin nan na cikin duwatsun Kyoto, ba ka da hujjar cewa tarihinsa ne. Ya ce da gangan ya rubuta shi ba aljanu ba abin mamaki don ya gwada wa kansa zai iya, kuma a Girka da Italiya ya rubuta shi ba a Japan ba. Da ya fito a 1987 cikin juzu'i 2, ɗaya ja ɗaya kore, aka saye miliyoyi, sunan da ya yi ya dame shi har ya ci gaba da zamansa a waje, daga baya ya tafi Jami'ar Princeton ta Amurka a 1991.

Akwai kuma dalilin da ya sa su kansu Japanawa suke irin musunku. Suna da tsohuwar al'adar rubutu da marubuci ke tona asirin kansa a cikin labari, ya ɗan sauya suna amma kowa ya san shi ne, tun daga Futon na Tayama Katai a 1907 har zuwa No Longer Human na Dazai Osamu a 1948. Mai karatu a can ya saba in ya ga "ni" a littafi ya ɗauka marubucin ne. Murakami ya nesanta kansa da wannan salon tun farko, littattafan Amurka ya tashi yana karantawa, har ma farkon littafinsa na fari da Turanci ya fara buga shi a keken rubutu sannan ya mayar da shi Japananci don ya samu gajerun jimloli marasa ado. Amma kuma ga shi yawancin labaransa da "ni" yake ba da su, "ni" ɗin kuma na son jaz da maguna da girki kamar shi. A tarin gajerun labaransa na 2020, First Person Singular, har da labarin da mai bayarwar sunansa Haruki Murakami kuma masoyin Yakult Swallows ne. Tsokana ce da gangan, ku bar musun ku sha shayinku.

TAMBAYA: Malam ƙanwata 'yar shekara 14 tana son karatu sosai, ta ga littattafansa a wajena tana naci. In ba ta?

AMSA: A'a 'yar'uwa, ban da ƙagaggun. Akwai zancen kwanciya ɓaro-ɓaro a kusan dukkansu, Norwegian Wood cike yake da kisan kai na matasa, a Kafka akwai wani babi da ake yanka maguna wanda babba ma sai ya ajiye littafin ya sha iska. Yadda yake zana mata ma ana sukarsa a kai, marubuciya Mieko Kawakami ta tare shi da maganar gaba da gaba a hirar da suka yi aka buga a 2017. Na gudun za ta iya karantawa, illa dai giya na yawan fitowa, sai ki yi mata bayani.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na karanta The Wind-Up Bird Chronicle, labarin mutumin da magensa ta ɓata sannan matarsa ta ɓata. Abin da ban gane ba me ya kawo yaƙin Manchuriya da feɗe mutum da ransa a cikin labarin mata da miji? Kamar an haɗa littafi biyu ne. Daga wani tsohon malamin makaranta.

AMSA: Allah ya ƙara girma Baba. Wannan tambayar ita ce ta fi min daɗi a wannan watan, don amsarta ba ta cikin littafin gudu, sai da aka jira shekara 25 kafin ta fito.

Littafin ya fito ne tsakanin 1994 da 1995, a Amurka ya rubuta mafi yawansa. Ya fara da Toru Okada ba aikin yi yana dafa taliya a kicin waya ta yi ƙara, daga nan neman mage, daga nan matarsa Kumiko ta fita aiki ba ta dawo ba, shi kuma ya ɗauki tsanin igiya ya sauka cikin busasshiyar rijiya a wani kangon gida ya zauna a duhu yana tunani. Can sai ga tsohon soja Laftanar Mamiya da labarin bakin iyakar Mongoliya gab da yaƙin Nomonhan na 1939, yadda aka feɗe abokin tafiyarsu a gabansa, shi kuma aka bar shi a ƙasan wata rijiyar a hamada, rana na leƙo shi na ɗan lokaci kaɗan a yini. Mamiya ya fito da rai amma ya ce tun a rijiyar nan rayuwarsa ta ƙare, sauran shekarun fanko ne. Ya juye wa Toru labarin, Toru da ba a ma haife shi ba lokacin yaƙin, ya bar shi da kaya.

To a 2019 Murakami ya buga wani dogon rubutu a mujallar Bungeishunju kan mahaifinsa, aka fassara shi a mujallar The New Yorker ta Amurka da sunan Abandoning a Cat. Da mage ya fara shi ma. Yana yaro suna zaune a Shukugawa ta Nishinomiya, mahaifinsa ya ɗauko shi a bayan keke yana rungume da kwali da mage a ciki, suka je bakin teku a Koroen, tafiyar kamar kilomita 2, suka ajiye kwalin suka juyo gida ba waiwaye. Suna buɗe ƙofa sai ga magen ta tarbe su da kuka jela a sama, ta riga su isowa. Ya ce ya kalli fuskar uban, da farko mamaki, sai ta koma jinjina, daga ƙarshe sai ya ga kamar an sauke masa wani nauyi. Sai daga baya ya ji cewa shi ma uban, Chiaki, ɗan limamin wani wurin bautar Buda a Kyoto, an taɓa kai shi wani wurin bauta a Nara yana ƙarami da niyyar a bar shi can, abin bai yiwu ba aka dawo da shi.

Shi wannan uban an ɗauke shi soja a 1938 yana ɗalibi aka tura shi ƙasar Sin. Kullum da safe kafin karin kumallo sai ya zauna gaban ɗan wurin ibadarsa na gida ya daɗe yana addu'a, da yaron ya tambaye shi wa yake yi wa, ya ce waɗanda suka mutu a yaƙi, nasu da na abokan gaba duka. Sau ɗaya tak ya buɗe baki ya ba shi labarin yadda rundunarsu ta sare kan wani fursunan yaƙi Basine, da yadda mutumin ya zauna shiru ido a rufe bai nuna tsoro ba. Murakami na firamare lokacin, kuma ya ce hoton nan bai taɓa barin kansa ba, kamar uban ya miƙa masa wani yanki na abin da yake ɗauke da shi ne. Daga baya suka ɓata, sama da shekara 20 ba sa ganin juna, sai gab da rasuwarsa a 2008 yana ɗan shekara 90 suka ɗan yi magana a asibiti a Kyoto. Bayan rasuwar ma ya daɗe yana jan ƙafa kafin ya binciki takardun sojan, don yana tsoron kar ya tarar uban na cikin waɗanda suka shiga birnin Nanjin na ƙasar Sin a Disambar 1937 inda aka yi kisan kiyashi. Da ya duba sai ya ga bayan nan aka ɗauke shi, kuma a wata runduna daban ta masu jigilar kaya.

Yanzu Baba ka mayar da idonka kan Mamiya da Toru. Tsoho ya ga abin da baki ba ya iya faɗa, ya faɗa sau ɗaya, ya bar wa na baya. Ban ce Mamiya shi ne mahaifinsa ba, a'a, amma abin da ya kasa rubutawa da sunansa uban na raye, ya rubuta shi da sunan wasu tun 1994. Shi ya sa nake ganin ba littafi biyu aka haɗa ba. In kana da hali ka karanta rubutun magen, gajere ne zama ɗaya ya isa, sannan ka sake bin babin Mamiya. Ka kuma sani fassarar Turancin da Jay Rubin ya yi an rage mata wasu babuka, wani tsallen da ka ji a labarin daga nan yake.

TAMBAYA: Malam ni marubuci ne mai tasowa, wane littafinsa zai koya min rubutu?

AMSA: Ƙanena ka nemi Novelist as a Vocation, ya fito a Japan a 2015, Turancinsa a 2022. A nan yake bayanin yadda yake cika shafi 10 na takardar rubutun Japananci mai gurbin harafi 400 kullum, ko abin na zuwa ko ba ya zuwa, in ya cika ya tsaya ko da yana jin daɗin rubutun, da yadda yake ajiye daftari ya huce kafin ya dawo gyara, da yadda matarsa ke fara karantawa, duk inda ta yi ƙorafi sai ya taɓa wajen ko da bai yarda da ita ba. Tashin ƙarfe 4 na asuba da rubutun awa 5 zuwa 6 da gudun kilomita 10 da kwanciya ƙarfe 9 kuwa, kar ka ɗauka su ne sirrin, mutum ne da ba shi da 'ya'ya kuma ba ya zuwa ofis.

Amma in sauraro kake son koya, wanda shi ne yawancin masu tasowa ba su da shi, to Underground za ka nema. Bayan 'yan wata ƙungiyar addini mai suna Aum Shinrikyo sun saki iskar guba ta sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo ranar 20 ga Maris 1995, wata 2 kacal bayan girgizar ƙasar Kobe ta 17 ga Janairu, aƙalla mutum 13 suka mutu dubbai suka jikkata, sai ya koma gida ya zauna da kimanin mutum 60 da abin ya shafa, ma'aikatan tasha da masu zuwa aiki da iyalan waɗanda suka rasu, ya tambaye su tun daga ƙarfe nawa suka tashi ran nan, wane tarago suka shiga, ta wace ƙofa. Da yawansu ido na yi musu duhu hanci na zuba amma suka wuce ofis abinsu don kar su makara. Littafin ya fito a 1997, kuma shi marubucin da kyar za ka ji muryarsa a ciki. Ka karanta hira 3 ko 4, sannan ka je ka zauna da wani dattijo ka tambaye shi labarin rana ɗaya tak a rayuwarsa, ka rubuta ba tare da ka sa bakinka ba, ka aiko mana mu gani.